Irin da Kawu Ya Bari

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Badariya. Kwamfutarsa tana buɗe a kan teburin da ke gefen gado. Ni na rufe murfinta, ban ko kalli abin da ke kan allon ba.

Kafin azahar gida ya cika. Maza suna rumfar ƙofar gida, mu mata muna tsakar gida a kan tabarmi. Dangi suka zo daga Argungu, manoman Ambursa suka zo a kan babura da lakar fadama a ƙafafunsu, tsofaffin ɗalibansa suka baro ofisoshi da katin aiki rataye a wuya. Kowa da Kawun da ya sani. Manoma suna ta cewa an yi rashin Malam mai na'ura. Ɗalibai kuwa, ta katanga nake jiyo su, wani yana ba da labarin yadda Kawu ya maido masa da aikin wata guda saboda waƙafi ɗaya, sauran suna dariyar da ba ta dace da zaman makoki ba, sai su tuna inda suke su yi shiru.

Cikin mata akwai wadda ta fi mu kuka. Ɗalibarsa ce ta farko-farko, Kirista, iyayenta mutanen Filato ne amma a Ambursa ta tashi, inda mahaifinta ya yi aikin malamin gona. Yanzu uwar 'ya'ya uku ce. Ta yafa mayafi ta zauna can gefen randa, hawaye ne kawai.

Sai wata gwaggo tamu, wadda raɗarta ta fi ihun wasu ƙarfi, ta ce Allah sarki, bawan Allah bai bar iri ba. Inna, matar Kawu, ta ji. Ta ɗago daga inda take ta nuna ni da carbi.

"Ga irinai nan zaune," in ji ta.

Mata suka juyo suna kallona da tausayi, suna sa mini albarka. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi kyau a takardar ta'aziyya ba: abin da na ji a lokacin ba daɗi ba ne. Ji na yi kamar an ƙara wa ɗakin da nake ciki sakata.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai aka ba shi ni riƙo ina shekara biyar. Ɗan masunta ne daga Argungu, ya yi karatun kwamfuta tun zamanin da ake huda kati a ba na'ura, ya dawo gida ya koyar har ya yi ritaya. Harsunan kwamfuta ya san su da yawa, kuma yana maganarsu kamar maƙwabta: wannan mai gaskiya ne amma mai faɗa, wancan mai fara'a ne amma kada ka ba shi ajiya. Wanda ya fi so a ƙarshen rayuwarsa shi ne Java. Inna ta ji jaɓa, kuma har yau jaɓa take cewa. Da na girma na kamu da son Python, na gaya mata ma'anar sunan mesa ne, sai ta ce to ai shi ke nan, ta gane abin da ya sa ba a rabuwa da gardama a gidan nan.

Bambancin jaɓarsa da mesata shi ne tushen duk abin da ya shiga tsakaninmu, don haka bari in faɗe shi yadda ya koya mini. A harshensa, kafin ka ajiye komai sai ka faɗi irinsa: lamba ce, suna ne, ko kwanan wata. Akwai manhajar da ke duba rubutunka kafin ta bari ya yi aiki, Kawu yana ce mata mai gadi. In ka ce lamba ka kawo suna, mai gadi ba zai buɗe maka ba ko kai wane ne. A harshena kuwa ba mai tare ka a ƙofa. Kana rubutu kana gudu, in akwai kuskure sai can gaba ka ci karo da shi.

Kalmar da ya zaɓa wa wannan abu ita ce iri. Ya ce ba ya bukatar aron kalma, Hausa ta riga ta gama aikin. Tambayarsa kuma ɗaya ce, a aji da gida da kasuwa: "Buhun mi na?" In ka ce masa ga buhu, bai ji komai ba sai ka faɗi abin da ke ciki. Ya taɓa tsayar da mai keke-napep a rana don mutumin ya ce kaya ya ɗauko, Kawu yana son jin wane kaya.

Da buhun ne ya koya mini abin da ya fi alfahari da shi. Wata safiya muna shan koko ya ce, maɗinki ba ya ɗinka buhu daban don shinkafa, daban don gero, daban don dawa. Buhu ɗaya yake ɗinkawa, ya bar wurin suna a buɗe. Haka mai rubuta manhaja mai hankali: ya rubuta aikin sau ɗaya, a wurin iri ya sa harafi guda cikin baka biyu masu tsini, ma'ana kowane iri. Amma ran da aka zuba gero a ciki, ya zama buhun gero, mai gadi ba zai bari a ƙara masa shinkafa ba. Inna tana tankaɗe a gefe, ta ce masa, "Albasa ba ta kwana buhun shinkahwa, Malam, ruɓewa takai." Maimakon ya ji haushi sai ya tashi tsaye don murna. Ya ce wannan shi ne sharaɗi: kowane iri, amma wanda ya cika sharaɗin buhun. Ya shekara yana gaya wa ɗalibai cewa matarsa, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ta fi rabinsu ganewa.

Bayan ritayarsa ne amininsa na yarinta, wanda yake shugabantar wata ƙungiyar manoman shinkafa tsakanin Argungu da Ambursa, ya roƙe shi ya yi musu manhajar rabon iri. Manoma suna kawo irin shuka sito bayan kaka, a adana, a raba musu lokacin shuka gwargwadon gonakinsu. Wahalar ita ce shinkafa ba ɗaya ba ce. Akwai mai tashi da ruwa, wadda in kogi ya cika take ƙara tsawo tana bin sa. Akwai gajera ta noman rani, wadda ruwa in ya wuce gwiwa ya gama da ita. A cikin buhu kuwa, in ba hannunka ya saba ba, duk shinkafa ce. Kawu ya rubuta manhajar, na taya shi, ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa kai wa mai zurfin fadama gajera ba.

Amma masu sito sun tsane ta. A fom ɗin karɓar buhu akwai gurbi mai suna iri, kuma ba ya karɓar komai sai sunan da ke cikin jerin da Kawu ya sa. In manomi ya kira shinkafarsa da sunan ƙauyensu, na'ura ta ƙi. Layi ya yi tsawo, rana ta yi zafi, a yi ta kiran wayata. Na gaji. Lokacin na yi aure, aiki ya kai mijina Kaduna, ni ma na sami wurin da ke son ɗaukata a can. Na ce bari in sauƙaƙa wa mutane kafin in tafi. Kawu ya tafi Umara, ni kuma na sake rubuta ɓangaren karɓar buhu da harshena, na buɗe gurbin ya karɓi duk abin da aka rubuta. Masu sito suka yi ta sa mini albarka, har da kawo mini kifi.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda Bahaushe zai karanta kalmar. Ni da Kawu muna nufin wane iri. Masu sito, da ba jerin sunaye a gabansu, suka ɗauka ana tambaya ko shinkafar ta shuka ce ko ta ci. Sai suka riƙa rubuta "iri na", wato iri ne. Buhu bayan buhu, amsa ɗaya. Manhajata ba ta da mai gadi, ta karɓa, ta ɗauke su duk abu guda, ta raba. A daminar nan gajera ta tafi gonakin da suka fi kowanne zurfi.

Kawu bai yi mini faɗa a gida ba. Da ma ya yi. Wata ranar Asabar bayan ruwa ya cika, ya ce in shirya, muka hau mota zuwa Argungu, daga nan kwalekwale. Amininsa yana tare da mu. Aka tsayar da kwalekwalen a tsakiyar wani fili na ruwa. A hagu shinkafar maƙwabta ta taso kore shar a kan ruwa. Inda muke babu ko ganye ɗaya. Masu gonakin suna tsaye a tudu suna kallonmu, kuma abin da ya fi ci mini rai, gaishe ni suka yi da ladabi.

"Dibi komai ɗinki," in ji Kawu.

Kunya ce ta sa ni rashin kunya. Na ce masa da manhajarsa ba ta da taurin kai irin nasa, da ba wanda ya nemi a canja ta. Na ce ya ɗaure masu sito, ya ɗaure ɗalibai, ya ɗaure ni, mutum ba ya ko numfashi sai ya faɗi irin iskar. A gaban amininsa na faɗa, da mai tuƙin kwalekwale. Kawu ya ce a juya da mu.

Cikin mako guda ya maido da jerin sunaye, ya kuma ƙara wani abu sabo. Daga ranar, takardar rabo ba ta fita sai mai duba ya je sito, ya zura hannu a kowane buhu, ya tabbatar, ya sa lambar sirrinsa. A wurin da ake faɗin irin mai duba, bai sa harafin kowane iri ba. Sunana ya rubuta. Mutumin da ya koya mini ɗinka buhu ɗaya don kowa, ya ɗinka wanda ba mai shigarsa sai ni.

"Tunda ke kinka buɗe ƙohwa, ke ka tsaronta," ya ce.

Na rubuta wa mutanen Kaduna na ce su yi haƙuri. Shekara bakwai ke nan. Karɓar buhu bayan kaka, rabon rani, rabon damina, tsakaninsu kuma gyare-gyare, ba wata uku a jere da zan iya barin garin nan. Mijina yana zuwa ƙarshen wata, ya kwana biyu ya koma. Da farko yana tambaya yaushe, daga baya ya daina, kuma dainawar ta fi tambayar ciwo. Ɗalibar nan ta Ambursa ta taɓa zuwa ta ce za ta riƙa karɓata, don ita tun tana yarinya take bambance shinkafa da ido rufe. Aminin Kawu ya ce manoma ba za su yarda ba, ba irinmu ba ce. Ni ma ban matsa ba. Ina ganin hukunci ne aka yanke mini, kuma girman kai ya hana ni neman sassauci.

Muka raba manhajar biyu kamar gidan gado. Ɓangarensa nasa, nawa nawa. Na rantse a raina ba zan sake buɗe fayilolinsa ba, na kuwa cika. Muna gaisawa, ina kai masa abinci, yana wasa da 'ya'yana, yana tambayarsu buhun mi na in sun shigo da leda. Amma maganar ruwan nan ba mu sake yinta ba.

Kada a ɗauka mugu ne. A shekarar da abin ya faru, shi ya bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa masu su laifinsa ne, shi ya sa kalma mai fuska biyu a fom. Shinkafar gonarsa ta gado ya raba musu suka ci har kaka ta zagayo. Ban sani ba sai a zaman makokin nan, daga bakin wata tsohuwa da ta zo daga ƙauyen. Shekara bakwai mutanen nan suna gaishe ni da ladabi, ina ɗauka kawaici ne, ashe ba su ma san ni ce ba.

Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ya ɗauke magana. Hannun hagu ya rage, shi ma yana rawa, yatsa ɗaya ne kawai yake yi masa biyayya. Mutumin da ya tara harsuna sai ga shi da kalmomin da ba su cika tafin hannu ba: Allah, ruwa, a'a, da iri. Na sha ganin idonsa cike da magana, bakin ya ƙi. Kullum da safe Inna takan jingina shi da filo ta tura masa teburin, ya yi ta danna kwamfuta da yatsan nan, harafi ɗaya sai ya huta. Likita ya ce a bar shi, motsa jiki ne.

Duk lokacin da na shiga gaishe shi, sai ya nuna allon ya ce, "Iri. Iri." Ni kuwa sai raina ya ɓaci. Ina cewa a zuci, har yanzu, ko a wannan hali, ba za a bar ni in manta ba? Sai in ce masa na ji Kawu, na duba buhunan, komai lafiya. Ya ce a'a, ya sake nunawa. In gyara masa bargo in fita. Haka muka yi shekara biyu.

Ranar sadakar bakwai amininsa ya aiko a kira ni zaure. Ya tsufa ƙwarai a mako ɗaya. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce rabon rani ya matso, buhuna suna sito. "Ke ɗai munka sani, ɗiyata. Malam ya tahi, ke ta Malam yanzu." Na ce to. Me zan ce? Mijina yana tsaye a bakin zaure da jakarsa, zai koma tasha. Ya ji, ya sunkuyar da kai.

Washegari da safe dole ta sa na karya rantsuwata, don yanzu ɓangaren Kawu ma ya dawo hannuna. Na shiga ɗakinsa, na zauna a bakin gadon, na ɗaga murfin kwamfutar. Fayil ɗin da ya bari a buɗe shi ne na mai duba.

Da farko na ɗauka ciwon ne ya rikita masa rubutu. Ko babban baƙi ɗaya babu, kuma duk inda ya kamata a ga baka, fili ne kawai. Na karanta a hankali, sai na ga ba rikicewa ba ce, komai yana wurinsa. Ya cire sunana. A madadinsa ya sa harafi guda, na kowane iri, da sharaɗi biyu a ƙarƙashi: wanda hannunsa ya san shinkafa, kuma wanda zai iya ce wa dattijo a'a. A sama ya bar bayani layi biyu, ba ƙugiya ba waƙafi:

"kowane iri in ya cika sharadi. diyata ta tahi gidan mijinta na yahe tun ranar ruwa"

Na duba ranar da ya fara rubutun. Wata biyu ne bayan ciwon ya kama shi.

Sai na gane filayen. Baka, mai tsini da mai lanƙwasa, ba ta fitowa sai ka danne maɓalli ɗaya ka buga wani. Yatsa biyu take so, shi kuwa ɗaya ya rage masa. Ya rubuta duk abin da yatsa ɗaya zai iya, ya bar wa na biyu wurinsa. Ba tare da bakan nan ba mai gadi ba zai bari aikin ya wuce ba, mai gadin nan da ya shekara arba'in yana yabo. Na kira Inna na nuna mata. Ta duba, ta ce ya sha kamo yatsanta yana ja zuwa wajen na'urar, ita kuwa tana janyewa don tsoron kada ta ɓata masa aiki.

Na danne maɓallin da hannun hagu, na riƙa sa bakan da na dama, fili bayan fili. Aikin bai kai minti goma ba. Mai gadi ya duba, bai sami kuskure ko ɗaya ba.

Na kai wa aminin Kawu kwamfutar har Argungu, na karanta masa layi biyun. Na ce ɗalibar nan ta Ambursa ta cika sharaɗi na farko fiye da ni, na biyun kuma zai gani da kansa. Ya fara cewa wagga ba irinmu ba ta, sai ya tsaya, ya ce in sake karanta masa. Na sake. Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce ta zo sito ranar Litinin.

Mijina ya kira ya ce yaushe, karo na farko cikin shekaru. Na ce bayan arba'in. Ban sani ba ko zan iya. Ƙofa a buɗe take, ashe ta daɗe a buɗe, amma kullum da safe sai in tsinci kaina a bakin gadon nan, a daidai wurin da nake tsayawa in ce masa na ji Kawu, alhali ban ji ba.

Wanda duk ya karanta wannan, manomi ko ɗalibi, ina roƙonsa ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini ban sani ba. Ya zauna shekara biyu a ƙuntace cikin jikinsa, Allah ya yalwata masa kabarinsa. Ni kuma a roƙa mini gafara. Yatsa ɗaya yake nema, ina da goma.